Shiga Babbar Hanya da Canza Layi Ba Tare da Ka Sa Wani Ya Taka Birki Ba

Akwai ma'auni guda da nake auna direba da shi a kan babbar hanya, kuma bai shafi daɗewarsa a tuƙi ko tsadar motarsa ba. Idan ya shigo hanya ko ya canza layi, a dubi motar da ke bayansa: fitilar birkinta ta kama ko ba ta kama ba? In ta kama, shigar ba ta yi kyau ba, ko da kuwa ba a gogi juna ba. In kuwa na baya ya ci gaba da tafiyarsa kamar ba abin da ya faru, to an iya.

Hanyar da ake magana a kai ita ce tagwayen hanya mai layi biyu ko uku ko fiye a kowane hannu, wadda babu danja babu shataletale a kanta, ana hawa ta wani ɗan titi da yake zuwa ya haɗe da ita, a sauka ta makamancinsa. Yawancin ƙasashe hannun dama suke bi, amma irin su Ingila da Japan da Indiya da Ostireliya hagu suke bi. Saboda haka zan riƙa cewa layin gefe, wato na bakin hanya inda ake shiga da fita, da layin ciki, wato na kusa da shingen tsakiya inda ake wuce mota.

Ka riƙe lissafi ɗaya a ka: motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cinye kusan mita 28 a kowane sakan. A gudun 120 kuwa, mita 33 ne da ɗoriya. Duk sakan ɗin da ka yi kana laluben waya ko kana tantamar shiga ko fasawa, wannan nisan ya wuce.

Madubi, tun mota tana tsaye

Da yawa daga direbobi suna saita madubin gefe yadda rabinsa jikin motarsu yake nunawa. Ai ƙofar motarka ba za ta kaɗe ka ba, me za ka yi da kallonta? Wani injiniya a Amurka, George Platzer, ya fitar da wata hanya a 1995 wadda har yanzu ake koyarwa. Ka jingina kanka da gilashin ƙofarka, ka tura madubin waje har sai gefen motar ya kusa ɓacewa. Sannan ka karkato kanka zuwa tsakiyar mota, ka yi wa ɗaya madubin haka. In ka zauna daidai, za ka ga motar da ke zuwa ta wuce ka tana barin madubin ciki tana shiga na gefe, tana barin na gefe kana hango ta da gefen ido. Da farko abin yakan zo wa mutum banbaraƙwai, amma ido yana sabawa.

Duk da haka akwai lungun da madubi ba ya kaiwa, daura da kafaɗarka zuwa ɗan baya. Mota ƙarama takan ɓuya a nan, babur kuwa ba a magana. Sababbin motoci suna da 'yar fitilar da ke kamawa a jikin madubi in akwai abu a wurin. Taimako ce, amma ba ta ɗauke maka waiwaye ba. Sannan madubin da ke ɓangaren fasinja galibi mai ɗan tudu ne, yana ƙanƙantar da abu, sai ka zaci motar tana nesa alhali ga ta nan kusa. Idan nisa kake son aunawa, na ciki ya fi gaskiya.

Hawa hanya

Nan ne aka fi yin kuskure, kuma kuskuren ba na masu ganganci kaɗai ba ne. Mai tsoro ya fi yin sa. Yakan lallaɓo a gudun 50 ko 60 yana ganin taka-tsantsan yake yi, alhali motocin da zai shiga cikinsu 100 suke yi. Bambancin kilomita 40 a awa yana nufin na baya yana matso ka da mita 11 a kowane sakan. In yana mita 50 a bayanka lokacin da ka shiga, kafin sakan 5 ya iso ka. Dole ya take birki ko ya kauce, kuma wanda zai kauce wa bai shirya ba.

Ɗan titin shiga, musamman ƙarshensa da yake tafiya kafaɗa da kafaɗa da babbar hanya, don ɗaukar wuta aka yi shi. Ga yadda ake cin moriyarsa.

Tun kana farkonsa ka fara leƙen hanya, ka ga yawan motoci da irin gudunsu. Ka kunna sigina da wuri. Ka bar tazara mai kyau tsakaninka da wanda ke gabanka a titin shigar, domin ba ka san ko zai tsorata ya tsaya ba, kuma mutum yakan afka wa na gabansa ne daidai lokacin da wuyansa ke waiwaye. Wannan tazarar tana da wani amfanin: motoci biyu ko uku da suka liƙe wa juna ba za su sami gurbi ɗaya da zai ɗauke su ba, amma in sun rarrabu kowa zai sami nasa.

Sai ka ba ta wuta sosai. In mai giyar hannu ce, kada ka yi saurin hawa babbar giya. Ta uku ko ta huɗu ta fi ja. Burinka shi ne kafin ka kai inda farin layin da aka zana a ƙasa ya fara tsinkewa, malejinka ya yi daidai da gudun motocin layin gefe.

Yanzu zaɓi gurbi. Shawarata ita ce ka zaɓi mota guda ka ce a bayan wannan zan shiga, maimakon ka ce a gaban wancan. Wanda ya sa ido a kan motar da zai bi, gudunsa yakan daidaita da nata da kansa. Wanda ya ƙudurta shan gaban wani kuwa tsere ya shiga. Gurbin kirki shi ne wanda zai bar maka sakan 2 a gaba, ya bar wa na baya sakan 2. A gudun 100 wannan ya haura mita 110. A hanya mai cunkoso ba kullum za ka sami haka ba, amma in gudunku ɗaya ne, ƙaramin gurbi ma yana isa, sai ku buɗe tazarar a hankali bayan ka shiga.

Kada ka tsallaka farin layin da bai tsinke ba, ko wurin da aka yi wa zane-zane a bakin mahaɗa, don kawai ka ga sarari. Ka jira inda layin ya zama guntu-guntu. Duba madubi, waiwaya sau ɗaya da sauri, ka zame ciki. Kashe sigina. Ka ɗan zauna a layin gefe har idonka da ƙafarka su saba da gudun kafin ka yi tunanin wuce kowa. Direban da ya shigo ya yanka kai tsaye zuwa layin ciki ya haɗa wa kansa haɗari uku a motsi ɗaya.

In babu gurbi fa? Tun da wuri ake gane haka, shi ya sa aka ce ka fara kallo daga farko. Ɗaga ƙafa kaɗan daga totur ka bar ayarin ya wuce, sannan ka sake ba ta wuta. Tsayawa cak ita ce dabara ta ƙarshe. In ta zama dole, ka tsaya da sauran fili a gabanka, don wanda ya tsaya a ƙarshen titin shiga zai tashi daga sifili ne ya faɗa cikin masu gudun 100.

Game da wa ke da hanya, babu jayayya. Yarjejeniyar Viyana kan zirga-zirgar hanya ta 1968, wadda ƙasashe da dama suka gina dokokinsu a kai, ta ce mai shigowa shi zai ba waɗanda ke kan hanya dama. Dokar Jamus da ƙa'idojin hanya na Birtaniya duk haka suka ce.

In kai ne ke kan hanya

Hanya taka ce, amma hakan bai ba ka lasisin toshe mutum ba. In ka hango mota tana tahowa a titin shiga, abu uku ne a gabanka. In layin ciki babu kowa, duba, sa sigina, matsa ka bar masa wurin. In akwai motoci, ka auna: idan zai riga ka, ɗaga ƙafa kaɗan, idan kai za ka riga shi, ci gaba da gudunka ya shiga bayanka. Abin da ba a so shi ne ku yi ta tafiya kafaɗa da kafaɗa har titinsa ya ƙare, ko ka ƙara wuta don ka rufe gurbin da ka ga yana nema. Wannan ƙeta ce kawai.

Akwai kuma kirkin da ke jawo masifa. Wani yakan take birki da ƙarfi a tsakiyar hanya don ya ba mai shigowa wuri. Niyyarsa kyakkyawa ce, amma na bayansa bai san da zancen ba. A 2008 wasu masana a Japan, ƙarƙashin Yuki Sugiyama na Jami'ar Nagoya, sun ɗora motoci 22 a kan zagayayyen titi mai tsawon mita 230, suka ce kowa ya yi tafiya a gudun kusan 30 a awa. Babu mahaɗa, babu danja, babu abin da ya tare hanya. Ba a jima ba gosulo ya haɗu da kansa: wani ya ɗan rage gudu, na bayansa ya rage fiye da shi, har aka kai ga masu tsayawa cak, cunkoson kuma yana tafiya baya-baya yana cin waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Duk ranar da ka tarar da gosulo a babbar hanya, ka fita daga cikinsa ba ka ga haɗari ko aikin hanya ba, mai yiwuwa birkin wani ne da aka taka can gaba tun da jimawa.

Kunna wa mutum fitila ma a yi hattara. A wani wuri ma'anarta shigo, a wani wuri ma'anarta kada ka kuskura. Ƙa'idojin Birtaniya sun ce ma'anarta guda ce tak, wato ga ni nan. In aka kunna maka, idonka za ka bi.

Canza layi

Tambaya ta farko: dole ne? In wuce mota za ka yi, ko fitarka ta matso, ko layinka zai ƙare, ko akwai abu a gaba, to. In kuwa ƙaiƙayin hannu ne, zauna.

Tsarin ba ya canzawa: madubin ciki, madubin gefe, sigina, waiwaye, sannan sitiyari. Madubin ka duba shi sau biyu, da ɗan tsakani. Kallo ɗaya inda motar take kawai zai nuna maka. Na biyu ne zai gaya maka ko tana girma a madubin, wato tana gudun da ya fi naka. In tana girma da sauri, bari ta wuce.

Sigina sanarwa ce, ba ta mallaka maka layin. Kuma sanarwar da aka yi bayan an fara karkata ba ta da amfani. Littafin direbobi na jihar Kalifoniya ya ce a kunna ta aƙalla sakan 5 kafin canza layi a babbar hanya. Akwai masu ƙin kunnawa wai don kada na baya ya rufe musu hanya. Wani lokaci hakan na faruwa, gaskiya ne, amma in wannan ya hana, na bayansa zai bari, kuma jiran mota ɗaya bai kai haɗarin faɗa wa mutum ba zato ba.

Waiwayen ya zama ɗan juya kai ne, haɓa ta nufi kafaɗa ta dawo. Kada ka juya jiki, don hannu yana bin inda jiki ya nufa. A irin wannan gudu sitiyari motsi kaɗan yake so, motar ta zame cikin sakan 3 ko 4. Fizga ita ke sa mota ta yi tangal-tangal, musamman mai tsayi ko mai kaya a sama. In layin da za ka shiga ya fi naka gudu, ka fara ƙara wuta tun kafin ka fita, wanda ke nufin kada ka manne wa na gabanka har ka rasa filin ɗaukar gudu.

A hanya mai layi uku akwai tarkon da ba kowa ke lura da shi ba. Kana layin gefe za ka shiga na tsakiya, ka duba ka ga wayam. Amma wani da ke layin ciki shi ma ya duba ya ga wayam, kuma wurin nan guda kuke nufi. Saboda haka in za ka shiga tsakiya, ka leƙa har layin da ke bayansa, kuma ka guji shiga daidai lokacin da kake daura da wata mota a can. Layi ɗaya-ɗaya ake tsallakawa: shiga, daidaita, sake dubawa, sannan na gaba.

Bayan ka wuce mota, kada ka koma gabanta sai ka ga fitilunta biyu na gaba a madubin ciki.

Layin ciki ba wurin zama ba ne

In ka gama wucewa, koma gefe. A Jamus, inda wasu sassan hanyarsu ba su da iyakar gudu sai shawarar 130, doka ce a tsare layin dama, kuma haramun ne a wuce mota ta dama. A Birtaniya tun 2013 ɗan sanda na iya yanka wa mai liƙewa a layin tsakiya tarar fam 100 da makin laifi 3 a lasisi nan take. Dalili a fili yake: mota ɗaya da ta kafe a tsakiya tana mayar da hanya mai layi uku ta koma mai biyu, tana kuma tura marasa haƙuri su zagaya ta gefen da ba a tsammanin su.

Wani zai ce ai ni ina kan iyakar gudu, duk wanda ya fi ni ya karya doka. Ko da haka ne, hukunta shi ba aikinka ba ne. In wani ya manne maka a baya, kada ka taɓa masa birki don ka tsorata shi. Gama wucewarka, sa sigina, ba shi hanya. Gara ya kasance a gabanka inda kake ganinsa.

Tirela da manyan motoci

Tirela mai cikakken kaya takan kai tan 40, kuma nisan da take bukata kafin ta tsaya ya fi na ƙaramar mota nesa ba kusa ba. Filin da ka ga direbanta ya bari a gabansa, na birkinsa ne. Wanda ya faɗa ciki ya rage gudu ya cinye masa shi. Direban yana sama, amma akwai wurare masu faɗi da ba ya gani: dab da gabansa, bayansa, da gefensa, musamman ɓangaren fasinja. In ba ka ganin fuskarsa a madubinsa, shi ma bai gan ka ba.

Wuce ta da niyya. Idan gudunka ya fi nata da kilomita 10 kacal, za ka yi kusan rabin minti kafin ka bar bayanta, ka wuce tsawonta, ka ba ta tazara, kuma a wannan lokaci kun cinye kusan mita 800 tare. In bambancin 20 ne, rabin haka. Kada ka zauna a gefenta kuna jerawa, kuma ka riƙe sitiyari da kyau don iskar da takan bugo in ka zo daidai kanta.

Inda layi biyu suka koma ɗaya

A nan ne aka fi jin haushin juna. An sa alama cewa layi ɗaya zai rufe can gaba, sai kowa ya yi maza ya koma ɗayan, a bar layi guda fanko tsawon kilomita. Wanda ya bi fankon har ƙarshe sai a ɗauke shi mai wayo, wani ma ya fito da motarsa ya tare tsakiya.

To, in ana gosulo, mai bin layin har ƙarshe shi ne a kan daidai. Tsarin shi ne a cika layukan biyu har zuwa inda aka rufe, sannan a shiga ɗaya bayan ɗaya, daga nan mota guda, daga can mota guda, kamar haƙoran zif. A Jamus wannan doka ce, kuma tun 2001 aka fayyace cewa a bakin wurin da layin ya ƙare ake haɗewa. Beljiyam ta mayar da shi doka a 2014. Hukumar sufuri ta jihar Minesota a Amurka ta ce tsarin na iya rage tsawon jerin motoci da kusan kashi 40 cikin 100. Ba wai mashigar ta ƙara faɗi ba ne. Jerin ne yake gajarta, bai kai ga toshe mahaɗun baya ba, kuma da yake gudun layukan biyu ya zo ɗaya, babu mai wuce wani balle a yi rigima.

Sharaɗi biyu ne. Na farko, sai in tafiya ta yi sanyi. Idan hanya a sake take ana gudu, koma tun da wuri, kada ka kai ƙarshe a guje. Na biyu, mota ɗaya aka ce. In aka ba na gabanka wuri, kada ka manne masa ku shige tare.

A cikin gosulon kuma za ka riƙa ganin kamar layin maƙwabcinka ya fi tafiya. Donald Redelmeier da Robert Tibshirani sun yi bayanin wannan a mujallar Nature a 1999: motoci sukan cure in sun tsaya, su warwatsu in suna gudu, don haka kana wuce da yawa cikin ɗan lokaci, amma ana daɗewa ana wuce ka. Sai zuciya ta raya maka cewa kai ne a baya, ko da layukan biyu tafiyarsu ɗaya. Ko a buɗaɗɗiyar hanya ma, tafiyar kilomita 50 a gudun 100 minti 30 ce, a gudun 110 kuwa minti 27 da 'yan sakanni. Duk kutse-kutsen a kan abin da bai kai minti 3 ba ne.

Sauka daga hanya

Alamun fita sukan fara bayyana tun da sauran kilomita ɗaya ko biyu. Daga alamar farko ka fara komawa layin gefe, kuma ka daina wuce motoci, musamman tirela da za ta iya tare maka allon. A ƙasashen Turai da dama akwai alluna masu sanduna uku, biyu, ɗaya, da ke nuna saura mita 300, 200, 100. A Birtaniya yadi ne. Sigina ta kama tun daga na farkon. Gudunka kuwa ka riƙe shi har sai ka shiga titin fita, a can ake taka birki. Sannan ka dubi maleji: wanda ya daɗe a 110, in ya sauko 80 sai ya ji kamar rarrafe yake, ga shi kuwa titin fita sau da yawa da kwana mai tsanani yake ƙarewa.

In fitarka ta kubce maka, ta kubce. Babu yanko layi uku, babu tsayawa, babu ribas. Yarjejeniyar 1968 ɗin nan ta hana ja da baya da juyawa a irin wannan hanya. Hanyar lafiya a bi ta da shekara: wuce zuwa mafita ta gaba ka zagayo.

In ana ruwa, ninka tazarar ta koma sakan 4, ka rage yawan canza layi, don feshin manyan motoci yana rufe madubi. Da dare kuwa fitila ɗaya a madubi tana iya zama babur, tana iya zama motar da fitilarta guda ta mutu, don haka ka ba ta faɗin mota. Idan ka hango motar da ta lalace ko ma'aikata a bakin hanya, matsa layi ɗaya ciki in da hali, in babu ka rage gudu. In kuma jiniya ce ta taso daga baya ana cikin cunkoso, tsarin da Jamus da Ostiriya suke bi ya cancanci koyi: na layin ciki su raɓe jikin shingen tsakiya, sauran duka su matsa gefe, a buɗe hanya a tsakani, kuma tun tafiya ta fara tsayawa ake yin haka, kafin motoci su cure a rasa wurin motsawa.